Lissafin gonakin Baba

Bara na sayi littafi na ce sai na rubuta duk abin da gonakin Baba suka ci da abin da suka bayar. Gonaki biyu gare mu a ƙauyenmu da ke gefen Gumel: ƙarama a bayan gida, da babba can daji, tafiyar kusan awa guda a amalanke. Ba mu da fadama, ruwan sama kaɗai muke jira, daga Yuni zuwa Satumba.

Baba dami yake ƙirgawa. Rumbu ya cika, shekara ta yi albarka ke nan. Kuɗin huɗa, na 'yan ƙwadago a noman firi da maimai, furar da Inna ke dama musu, duk ba sa cikin ƙirgensa.

Da na haɗa lissafi bayan kaka, jikina ya yi sanyi. Gonar daji ta ninka ta gida uku, ita ta cinye buhu biyun takin zamani da muka ciwo bashi muka saya, amma da kaɗan daminta ya ɗara na ƙaramar. Ƙasar ta gaji, yashi ne zalla, ƙuduji ya kama dawar tun ba ta fid da kai ba. Takin kuma watsa shi aka yi, aka tafka ruwa washegari ya tafi da shi. Ga tsadar kaya, wadda tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ba ta bar iri, taki ko kuɗin mota ba.

Ta bayan gida kuwa duk rani toka da kashin awaki ake jibge mata. Geron Sosat muka shuka, mai saurin nuna, da wake a tsakanin kunya. Harawar waken nan ita ta riƙe mana raguna biyu har muka kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma kuɗinsu ne ya biya bashin takin. Ba don su ba, da geron za mu kwasa mu sayar da kaka, lokacin da yake arha, 'yan kasuwa su loda shi zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano.

Na kai wa Baba littafin bayan Isha'i, na ce, "Baba, mu bar gonar daji ta huta mana."

Ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Kai yaro, hadari ba ya sauka ko'ina rana ɗaya. Shekarar da ta gida ta ƙone, da me ka ci tuwo?"

Na tuna shekarar. Ina aji huɗu, kuma dawar daji muka ci har sabon gero ya shigo. Wannan ba ya cikin littafina.

Bana mun daidaita. Rabin gonar daji wake da gyaɗa za a sa, sauran rabin dawa, takin zamani kuma murfin kwalba ɗaya a gindin kowace shuka, a rufe da ƙasa. Tun watan Maris ƙanena yake jigilar takin gida zuwa can, amalanke biyu a mako.