Rim da robar birki a keken tirayal: yadda ake haɗa birkin da ba ya zamewa

A wasan tirayal, inda ake hawa duwatsu da gungume da katanga a kan keke ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, aikin birki ya sha bamban da na sauran kekuna. Mai keken titi so yake birki ya rage masa gudu sannu a hankali. Mai tirayal kuwa so yake taya ta tsaya cak a inda ya dira, ko da rabinta ne kaɗai ya hau bakin dutse. Kuma inda birkin baya ya fi shan wuya shi ne lokacin da ka dira a gefen abu, nauyinka duk ya koma baya, taya tana neman mirginawa baya. Idan ta zame a nan, gadon bayanka ne zai daki ƙasa.

Abu biyu ake nema a birkin tirayal, kuma ba lallai su zo tare ba. Na farko cafka, wato yadda roba ke damƙe rim nan take da zarar ka taɓa hannun birki. Na biyu riƙo, wato yadda take ci gaba da riƙewa bayan nauyi ya sauka a kanta. Akwai birkin da zai yi ƙara, ya cafke kamar tarko, amma da ka dira daga nesa sai ya sulale baya. Wanda duk ya zaɓi roba saboda ƙararta kawai, cafka ya saya, ya manta da riƙo.

Birkin da aka fi gani a bayan keken tirayal shi ne mai matse rim da ƙarfin ruwa ko mai, irin Magura HS33 da makamantansa na Echo da Jitsie, wanda ake ɗaure silindarsa a firam da noti huɗu, biyu a kowane gefe. A keke mai taya inci 26 shi ne zaɓin yawancin mahaya, domin birkin faifai yana riƙe taya ne daga tsakiya, sai dogayen sifok, wato wayoyin da ke haɗa rim da tsakiyar taya, su ɗan ba da kai, ka ji taya tana rawa ko da birki a kulle yake. Birkin rim kuwa yana kama ta ne dab da inda take taɓa ƙasa. A ƙaramin keke mai inci 20 a gaba da 19 a baya sifok gajeru ne, shi ya sa faifai ya fi samun karɓuwa a can.

Rim ake fara zaɓa kafin roba, domin fuskar rim ce ke faɗin irin robar da za ta dace. Rim ɗin baya na tirayal faɗinsa yakan kai milimita 47 ko 48, na gaba kuma ya fi shi siranta. Faɗin nan yana tallafe taya mai kauri, irin Maxxis Creepy Crawler mai inci 2.5, don kada ta lanƙwashe idan an rage mata iska. Amma kafin ka saya, auna tazarar da ke tsakanin wuraren ɗaura birki a firam ɗinka. Idan rim ya yi wa firam faɗi, dole ka janye silindar waje har ta riƙa bugun hannun feda ko idon sawunka, wani lokaci ma sabuwar roba mai kauri ta ƙi shiga sam. Idan kuma ya yi siranta, za ka tura silindar ciki sosai, taya ta riƙa gogarta, kuma tsawon da ya fito daga maɗauri ya riƙa lanƙwasa duk lokacin da ka matsa.

Sai maganar bango ɗaya da bango biyu, wato ko jikin rim falle ɗaya ne na ƙarfe ko falle biyu. Rim mai bango ɗaya ya fi sauƙin nauyi, shi ya sa masu gasa ke son sa, amma gefensa yana ɗan shigewa ciki idan birki ya matse shi, kuma yana saurin lotsewa idan aka daki bakin dutse da taya mai ƙarancin iska. Mai bango biyu ya fi nauyi, amma ya fi tauri, hannun birki ya fi yin ƙarfi a yatsa, kuma ya fi jure gurza, wato yi wa gefensa zane da giranda don roba ta kama. A ganina, duk wanda bai ƙware a dira a hankali ba, ya sa mai bango biyu a baya, ya bar neman sauƙin nauyi a tayar gaba. Duba kuma tsayin gefen da roba ke kamawa. Idan gefen gajere ne, roba za ta leƙa sama ta ci taya, ko ta leƙa ƙasa ta yi leɓe wanda zai riƙa maƙalewa a ƙarƙashin rim bayan ka saki birki.

Sabon rim yakan zo da fenti ko wani sulɓi mai launi a gefensa. Wannan fuskar tana aiki daidai gwargwado idan komai a bushe yake kuma tsaf, amma da ta ga ruwa ko ƙura shi ke nan. Wasu suna goga ɗan kwalta a kai, layi uku ko huɗu sirara a kowane gefe. Kwalta tana ba da cafka mai tsanani, sai dai idan ta yi yawa ko rana ta yi zafi roba takan manne ta ƙi sakin rim, a cikin ruwa kuma ta fi rim tsirara santsi. Ba na ba da shawararta sai ga wanda ba shi da halin gurza.

Gurza rim ita ce ginshiƙin birkin tirayal. Ana amfani da giranda, mai faifai milimita 115, a yi wa gefen rim ƙananan zane masu kaifi waɗanda roba za ta nutse a ciki. Cire wili daga keke, cire taya da tiyub gaba ɗaya, domin ɓurɓushin alminiyam yana shiga tsakanin taya da rim ya huda tiyub daga baya. Kwantar da wili a ƙasa a kan tsohuwar taya, ka danne shi yadda ba zai motsa ba. Sa tabarau na kariya da abin toshe kunne, kuma kada ka cire murfin giranda. Sabon faifan yankan ƙarfe siriri, mai kaurin milimita 1 ko kusa da haka, shi ke ba da zane mafi kaifi. Tsohon faifan da alminiyam ya toshe ba ya yanka, shafa kawai yake yi, sai rim ya fito da ƙyalli ba kaifi.

Ka riƙe giranda yadda zanen zai gitta gefen rim, daga ciki zuwa waje, kada ya bi zagayen taya. Ka ja ta da sauri a tsawon kamar santimita 10 zuwa 15, ka ɗaga, ka juya wili, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kada ka danna ko kaɗan, nauyin injin ya isa, kuma siririn faifai yana iya fashewa idan aka matsa masa ta gefe. Kada ka tsaya a wuri ɗaya, domin daƙiƙa ɗaya ta isa ta yi rami, kuma duk lokacin da roba ta zo kan ramin nan birki zai yi laushi. Kusurwar da ka riƙe faifai ita ke sa zane ya yi zurfi ko ya yi sama-sama: idan ka miƙe shi kusan digiri 90 da fuskar rim, zane zai yi kaifi da kaushi, idan ka kwantar da shi zai yi laushi. Da ka gama, share da busasshen buroshi mai tsabta, ka goge duk wata tsini da ta fito a bakin da taya ke zama, kuma kada ka shafa fuskar da yatsa, maiƙon hannu yana rage mata kamu.

Zurfin zane ba shi ne kaifi ba, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata rim. Zane mara zurfi amma mai kaifi ya fi rami mai zurfi da ya dakushe. Gurza mai kaushi tana da amfani ga mai hawa a laka da ruwa, amma tana cin roba da sauri, tana kuma rage kwanan rim, domin duk gurza ƙarfe ake cirewa. Idan zane ya dakushe har farce ba ya kama shi, a sake bi sama-sama. Idan kuwa gefen ya fara lotsawa ciki kamar cokali, ko ya fara buɗewa waje saboda iskar taya, ko tsaga ta bayyana kusa da ramukan jikinsa, rim ya gama aiki, kada a ƙara sa masa giranda.

Yanzu sai roba. Baƙar robar da ke zuwa da birkin Magura an yi ta ne don rage gudu a hanya, ba don kulle taya ba, kuma rim da aka gurza zai cinye ta ba tare da ta ba ka riƙo ba. Robar tirayal, irin ta Heatsink da TNN da Trialtech da Jitsie, galibi da foliyuritan ake yin ta, kuma taurinta ya bambanta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: roba mai laushi ta rim mai santsi ce ko mai gurza sama-sama, mai tauri kuma ta gurza mai kaifi ce. Ka sa mai laushi a kan gurza mai kaushi, za ta yi cafka mai daɗi na ɗan lokaci, sannan ta ƙare kamar sabulu, ga hannun birki ya yi taɓo, wato ya yi laushi a yatsa. Ka sa mai tauri a kan rim mai santsi, ba ta da abin da za ta kama, sai ta zame. Kada launi ya ruɗe ka, domin ruwan ɗorawa ko kore na wannan kamfani ba shi ne na wancan ba. Karanta irin fuskar rim da mai yin robar ya ce an yi ta dominsa.

Mazaunin robar ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Na filastik yana ɗan lanƙwasa, wanda ke sa ya yafe maka idan saitinka bai miƙe sosai ba, amma yana iya karyewa idan aka yi mummunar dira, kuma idan ya karye babu birki gaba ɗaya. Na alminiyam ba ya lanƙwasa, yana ƙara riƙo da ƙara, kuma idan roba ta ƙare ana ɓamɓare ta a kankare tsohon gam a manna sabuwa. Sai dai shi ba ya ɓoye kuskure: idan bai zauna daidai ba, gefe ɗaya ne kawai zai taɓa rim. A baya na fi son na alminiyam. A gaba na filastik ya wadatar.

Roba mafi tsada ba za ta yi komai ba idan ba ta sauka a kan rim da dukkan fuskarta lokaci ɗaya ba. A keken titi ana karkata gaban roba don hana ƙara, a tirayal ba a yin haka. Fara da daidaita wili da ɗaure sifok har karkacewarsa ta gaza milimita 1. Ja kaca yadda kake so ka ɗaure aksil tukuna, domin matsar da wili gaba ko baya yana sauya inda roba ke sauka. Mayar da maɓallin da ke hannun birki, wanda ke tura roba kusa da rim, zuwa farkonsa. Sassauta notin maɗauri da alanki, ka sa wani abu mai kaurin kamar milimita 2 tsakanin roba da rim, ka danna silinda a kai, ka duba ta sama da ta baya cewa roba ta yi daidai da rim, sannan ka ɗaure notin biyu kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Idan ka ɗaure ɗaya gaba ɗaya kafin ɗayan, silinda za ta karkace. Kada a yi amfani da maɓallin nan don cike babbar tazara, aikinsa ɗan gyara ne yayin da roba ke cinyewa. Idan aka murɗa shi da yawa, roba ɗaya takan ƙi komawa baya.

Bayan saiti, zuba ruwa mai tsabta a gefen rim, ka hau ka ja birki sama-sama na 'yan mitoci, ka kulle shi sau da yawa gaba da baya. Wannan yana wanke ɓurɓushin gurza, ya sa roba ta ɗauki siffar rim. Tsohuwar robar da ta ci a karkace kuma, a shimfiɗa samfefa a kan abu mai shafe a goge ta har ta miƙe kafin a mayar da ita, in ba haka ba duk saitin da aka yi a banza ne.

Idan duk wannan ya yi daidai amma birki yana zamewa baya, matsa hannun birki da ƙarfi ka dubi sandunan firam da ke riƙe da silinda. Idan suna buɗewa har ido na gani, ƙarfin yatsanka a firam yake ƙarewa. Maganinsa ƙarfen nan mai siffar kofaton doki da ake ɗaurawa a kan maɗauran biyu don ya haɗe su. Yana ƙara riƙo sosai, ko da yake wasu mahaya suna jin yana ɗan rage zafin cafka. A firam mai tauri ba a buƙatarsa.

Hannun birki mai taɓo kuma yawanci iska ce a cikin tiyo, sai a sake cika shi. Magura da man ma'adini yake aiki, kuma ruwan birkin mota na DOT yana kumbura robobin cikinsa ya lalata su. Mahaya da yawa suna cika shi da ruwa don hannu ya riƙa dawowa da sauri, amma ruwa yana daskarewa a sanyi, ba ya shafa wa fistin maiƙo, kuma kamfanin bai amince da shi ba. Duk lokacin da za ka cika mai, cire robobin da ke kama rim ka ajiye su nesa. Idan ɗigo ya taɓa rim, wanke shi da sifirit. Idan ya taɓa roba, goge saman da samfefa har sabuwar fuska ta fito, in kuma ta ci gaba da zamewa bayan haka, a canza ta.