Kofi Bakwai a Bayan Itatuwan Durham

Tun ina yaro na san wasan golf, wanda gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, amma ta ƙofar baya na shige shi. Jaka muke ɗaukar wa Turawa da manyan ma'aikata a filin Kano, a sallame mu da na gurasa, mu koma gida ƙafa duk ƙaya. A lokacin, inda ramin yake babu ciyawa, yashi ne cuɗe da baƙin mai, akwai mai jan buhu yana share sawu kafin a buga. Da na girma na zama malamin makaranta, na yi shekaru ina horar da 'yan mata ƙwallon hannu. Abu biyun nan ne suka haɗu suka sa, da na je ziyarar ƙanena a Maryland ta Amurka, na kafe sai na ga garin Durham.

"Yaya, mutane na zuwa New York kallon benaye, kai kuma filin ciyawa za ka?" in ji ƙanena.

Na ce masa akwai wani koci a can mai suna Dan Brooks, wanda ya karɓi ƙungiyar golf ta mata ta Jami'ar Duke a 1984, ya cika shekara arba'in a kan aikin, ya ci kofin jami'o'in ƙasar har sau bakwai. Ina son in taka ƙasar da ya yi aikin. Ƙanena ya girgiza kai. 'Yarsa ce ta cece ni, wadda sunan mahaifiyarmu gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana hutun 'yan kwanaki daga makaranta, ta ce ita za ta raka Baffa.

Jirgin ƙasa muka hau daga babbar tashar Washington kafin azahar, wanda ake kira Carolinian. Watan Oktoba ne, ganyaye sun fara juyewa ja da ruwan ɗorawa. Muka haye kogin Potomac, muka gangara kudu. A wani ƙaramin gari mai suna Ashland layin dogo ta tsakiyar titi ya ratsa, shaguna dama da hagu, har kana iya ganin abin da mutum ke ci a cikin farantinsa. Bayan Richmond na yi gyangyaɗi. Da na farka mun shiga Karolina ta Arewa, ga gonakin auduga fari fat suna jiran tsinka. Muka haɗa azahar da la'asar a zaune, muka ci cincin ɗin da uwar gida ta ƙulla mana. Sa'a shida da wani abu muka yi a hanya.

Tashar Durham tsohon ɗakin ajiyar taba ce, na jan bulo. Garin kansa taba ce ta gina shi. Har yanzu ga doguwar hasumiyar hayaƙi da tankin ruwa masu ɗauke da sunan Lucky Strike a tsohuwar masana'anta, wadda ta koma gidajen abinci da ofisoshi. Jami'ar ma daga nan ta samo suna: a 1924 James B. Duke, attajirin taba da lantarki, ya ware dala miliyan 40 a asusun alheri, Kwalejin Trinity ta samu kaso mai tsoka, ta koma Jami'ar Duke don tunawa da mahaifinsa. Yau ga babban asibiti a harabar, ana jinyar masu ciwon huhu a ciki. Na faɗa wa Uwata haka, ta ce, "Baffa, ka fara."

Washegari direban da ya ɗauke mu ya tambayi abin da ya kawo mu. Na ce kocin da ya fi kowa cin kofi a Duke muka zo dominsa. Nan take ya ce, "Coach K!" ya shiga ba mu labarin ƙwallon kwando har muka iso. Ban ga laifinsa ba. Mike Krzyzewski, wato Coach K ɗin, ya yi shekara 42 yana horar da maza, ya ci kofin ƙasa sau biyar, ya yi ritaya a 2022. Gaban zauren Cameron, inda suke buga ƙwallon kwandon, akwai fili da aka sa wa sunansa, inda ɗalibai ke kafa tanti cikin sanyin hunturu su kwana makonni don samun wurin zama a wasa ɗaya. Muka shiga gidan tarihinsu, muka ga kofuna da riguna a cikin gilashi, mutane na layin ɗaukar hoto. Amma lissafi lissafi ne. Biyar ba ta kai bakwai ba.

Filin golf ɗin na gefen harabar, bayan titin Cameron, cikin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Robert Trent Jones ne ya tsara shi, aka buɗe a 1957, ɗansa Rees Jones ya sake masa fasali a farkon shekarun 1990. Akwai hanyar ƙafa ta kusan mil uku da ta zagaye shi, kowa na iya bi, ita muka fara ɗauka. Abin da ya fara dukana shi ne shiru. Ga ciyawa lif kamar darduma, tana hawa tana gangara, ba ka jin komai sai "ƙwas" daga nesa in wani ya buga. Ni da na saba da filin da iskar hunturu ke tayar wa ƙura, sai na tsaya na dafa ƙasar da hannu. Uwata ta yi kamar ba tare muke ba.

A hanyar nake yi mata bayanin yadda wasan jami'o'i yake, don ita duk ɗaya ne a wurinta da wasan dara. Kowace makaranta 'yan wasa biyar take kawowa. Kowace rana a ɗauki sakamakon huɗu mafi kyau a haɗa, a jefar da na biyar. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Babu mai ɗaukar musu jaka, su ke saɓa abinsu ko su tura a ɗan keke, rami 18 a rana, wani lokacin 36. Koci kuwa an yarda ya ba da shawara, amma 'yan wasansa biyar a warwatse suke a fili mai faɗin unguwa guda, shi kuma ƙafa biyu gare shi. Ni a ƙwallon hannu ina bakin layi ina ihu, in yarinya ta rikice in cire ta in sa wata. A nan babu canji a tsakiyar wasa. A yawancin gasa, wadda ka zaɓa ran Litinin da ita za ka mutu ko ka yi rai ran Laraba. Saboda haka a ganina yawancin aikin Brooks ya ƙare tun kafin a buga ƙwallon farko: wa ya ɗauko, me ya gani a jikinta tana 'yar shekara sha shida, wa ya bari a gida wannan makon, kuma yaya ya faɗa mata.

Shi mutumin jihar Oregon ne, a Jami'ar Jihar Oregon ya yi karatu kuma ya buga wasan. Lokacin da ya zo Durham, gasar ƙasa ta mata a ƙarƙashin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, shekararta biyu kacal da farawa, a 1982, kuma dokar nan ta 1972 da ta hana makarantu masu cin kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata ba ta gama ratsa filayen wasa ba. Ya yi shekara goma sha biyar bai ɗaga kofin ƙasa ba. A nan na daɗe ina tunani, domin na san wuraren da koci ba ya kai damina biyu in babu kofi. A shekarun 1990 Linda Vollstedt ta Jami'ar Jihar Arizona ce ke shan sharafinta, ta kwashe shida tsakanin 1990 da 1998.

Na farkon Duke ya zo a 1999 a Tulsa, kuma da ɗan ƙura a kansa, don hadari ya hana a kammala rana ta ƙarshe, aka tsaya a kan sakamakon kwana uku. Shi ne kofin ƙasa na farko da wata ƙungiyar mata ta kawo wa jami'ar a kowane irin wasa. Masu cewa ruwan sama ne ya ba su, sun sami amsa a 2002, sannan 2005, 2006 da 2007 a jere, sai 2014, a Tulsa ɗin dai, wannan karon har ramin ƙarshe. A gasar yankinsu ta ACC kuwa, daga 1996 zuwa 2008 sau goma sha uku a jere babu wanda ya karɓe musu.

Cikin 'yan wasan 1999 akwai Jenny Chuasiriporn, 'yar wasu 'yan Thailand masu gidan abinci a Baltimore. Shekara guda kafin nan, tana ɗaliba 'yar shekara ashirin, ta je babbar gasar mata ta Amurka a Wisconsin, ta jefa ƙwallo daga nisan ƙafa arba'in a ramin ƙarshe, ta yi kunnen doki da Se Ri Pak ta Koriya ta Kudu. Ta toshe baki da hannu don mamakin kanta. Washegari suka sake fafatawa, sai a rami na ashirin Pak ta yi nasara, bayan ta cire takalmi da safa ta tsaya cikin ruwa ta buga ƙwallonta da ta maƙale a bakinsa. Yayan Jenny ne ya ɗaukar mata jaka a makon, abin da ya sa labarin ya zauna mini. Daga baya ta bar wasan ta koma aikin jinya.

Muna cikin haka muka fito kusa da wurin atisaye. Wata budurwa ce ita kaɗai a kan lallausar ciyawa, ta jera ƙwallaye shida sun kewaye rami, kowace ba ta fi taku ɗaya ba. Ta jefa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ta biyar ta lashi bakin rami ta fito. Ba ta ce uffan ba, ta sunkuya ta kwashe duka, ta sake jerawa daga farko. Sau uku ina kallo tana komawa. Tana shirin buga ta shida a karo na huɗu, wayata ta ɗauki ƙara, kiran gida daga Kano, kuma na manta ban rage murya ba. Ta ɗago ta kalle ni. Uwata ta fizge wayar ta kashe, tana cewa, "Haba Baffa, kai da ka ce ka san wasan!" Na ɗaga hannu na ba da haƙuri. Yarinyar ta yi murmushi, ta ja da baya, ta sake tsayuwa, ta jefa. Da ta kuskure, ban san inda zan sa kaina ba.

Muka sami benci muka zauna, na ci gaba da abin da ya fi ɗaure mini kai a tarihin ƙungiyar. Gwanaye sun ratsa ta hannun mutumin nan. Amanda Blumenherst sau uku a jere ana zaɓenta gwarzuwar jami'o'i. Brittany Lang ta ci babbar gasar Amurka a 2016, Celine Boutier ta Faransa ta ci ta Evian a 2023. Amma Leona Maguire ta Ailan, wadda ta zo tare da 'yar biyunta Lisa, ta yi mako 135 tana ta ɗaya a duniya cikin waɗanda ba su zama ƙwararru ba, kuma a shekara huɗun da ta yi a Duke ba su ci kofin ƙasa ko sau ɗaya ba. Ta gama a 2018. A 2019 suka ci.

A lokacin an riga an sauya tsari. Tun 2015, bayan kwanakin lissafin bugu, makarantu takwas ke ragewa a koma gaba-da-gaba, mutum biyar da mutum biyar, wanda ya ci uku ya wuce. Tsarin ba ya barin gwana ɗaya ta goya sauran, maki ɗaya ne nata komai iyawarta. Wasan ƙarshe a Fayetteville ta jihar Arkansas ya haɗa Duke da maƙwabtansu Wake Forest. 'Yan Duke biyar, ƙasa biyar: Virginia Elena Carta daga Italiya, Ana Belac daga Sloveniya, Jaravee Boonchant daga Thailand, Miranda Wang daga Sin, sai Gina Kim 'yar Chapel Hill, nan kusa da Durham. Uku daga karawa biyar sai da aka ƙara ramuka. A rami na 19 Boonchant ta kayar da Jennifer Kupcho, wadda wata guda da rabi kafin nan ta ci gasar mata ta farko da aka yi a shahararren filin golf na Augusta. Wang ta rufe a rami na 20, aka tashi uku da biyu. Da wannan Brooks ya wuce Vollstedt, yana shekara ta 35 a aiki, da tsarin da bai taso a cikinsa ba.

Uwata ta ce, "To Baffa, shi me ya yi a ranar? Ai su suka buga."

Na ce tafiya ya yi a bayansu. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Na tuna wata yarinya da na taɓa ajiyewa a benci a wasan ƙarshe na jiha saboda ta fi kowa iyawa amma ba ta miƙa ƙwallo, da yadda mahaifinta ya daina amsa mini gaisuwa har shekara ta zagayo. Ban ba ta wannan labarin ba.

Shi kocin ban gan shi ba, ban kuma nema ba. Kafin mu tafi na biya kuɗin kwandon ƙwallaye da aron sanduna, na ce bari in gwada abin da muke yi da lanƙwasasshen rodi a bayan filin Kano. Ta farko na daki ƙasa, ta biyu ta yi dama ta nufi itatuwa. Ta bakwai ko ta takwas ce ta tashi sosai, ta miƙe, har Uwata ta ce, "Kai, Baffa!" Ita ma ta karɓa ta gwada, ta zabga wa iska sau uku.

Da za mu mayar da kayan ta kai hannu za ta ɗauki jakar. Na ce, "Uwata, bar shi." Na rataya ta a kafaɗar hagu, na sa tafin hannu na danne kawunan sandunan don kada su yi ƙara, muka bi ta gefen masu bugu muka wuce.