Yadda na kusa haukata kaina wajen zaɓen risibar hom tiyata

Abin da ya kai ni ga wannan rigimar ba wani abu ba ne illa rashin jin magana a fim. Za ka zauna kana kallo, mutum biyu suna hira ƙasa-ƙasa ba ka jin komai, ka ƙara murya, sai kawai bom ya tashi a fim ɗin gaba ɗaya falo ya ɗauka, yara su farka, uwargida ta leƙo tana hararata. Haka nake kallo rimot a hannu, ƙara rage, ƙara rage, har na gaji. Tsohon setin da nake da shi irin na kwali ɗaya ne, sifika biyar ƙanana da wufa, wato sifikar bas, ya yi shekaru, kuma ko ramin HDMI na kirki babu. Sai na ce to bari dai in yi abu na gaske sau ɗaya, in sayi risiba daban sifikoki daban.

Kafin in yi nisa, risibar da nake nufi ba ta tauraron ɗan adam ba ce fa. Akwati ne babba mai nauyi wanda ya haɗa amfilifaya da wurin soka duk kayan kallonka, na'urar gem, akwatin kallo ta intanet, komai a jikinsa yake shiga, shi ya tura hoto ga talabijin ya kuma raba sauti ga sifikoki. Kuɗina ba su kai na manya ba, kuma ban so na ƙasa can, so na tsaya a tsaka-tsaki. To a nan tsakiyar ne kuwa ruɗanin yake, don kowane kamfani a nan ya zuba kaya.

Huɗu na ware a takarda. Denon AVR-X1700H, Yamaha RX-V6A, Sony STR-AN1000, sai Onkyo TX-NR7100 wanda ya ɗan fi sauran tsada. Sati uku cur ina kan lambar wat, wallahi har a mafarki. Denon 80, Yamaha 100, Onkyo 100, Sony kuwa na ga an rubuta 165, na ce shikenan magana ta ƙare, wannan ai ya ninka Denon. Na kira yayana, wanda ya riga ni shiga harkar da daɗewa, ina ta zumuɗi ina karanto masa lambobi. Ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce, kai ƙanena, karanta min ƙananan rubutun da ke gefen lambar. Na duba, na ce Yaya na ga om 6, tasha ɗaya, 1 kHz. Ya ce to na Denon fa? Om 8, tasha biyu a tare, daga 20 Hz har 20 kHz. Ya yi dariya ya ce ka auna ɗaya da mudu ɗaya da tiya kana cewa wannan ya fi yawa.

Ashe ba ma'auni ɗaya ba ne. Idan ka kunna tasha ɗaya tak, wato layin sifika ɗaya, a kan sauti guda, da om ƙarami, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, lambar dole ta kumbura. Kuma duk tashoshin nan bakwai daga tiransifoma ɗaya suke shan wuta, don haka in suka tashi a tare babu wadda za ta samu abin da aka rubuta a kwali. Amma abin da ya fi kashe min jiki shi ne lissafin desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Sai ka ninka wat sau biyu kafin ka samu ƙarin desibel 3 kacal, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka sai wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Tsakanin 80 da 100 ɗin da na hana kaina barci a kai, bambancin bai wuce desibel ɗaya ba. Ɗaya fa! Sifikar da aka rubuta mata 90 dB a kan wadda aka rubuta wa 87, ita kaɗai ta ba ka abin da ninka wat zai ba ka. Daga ranar na ja layi na soke shafin wat a takardata.

Tambayar da Yaya ya yi min bayan nan ita ce ta raba gardama, sifika nawa za ka kafa da gaske, ba a baki ba? Ni a raina Dolby Atmos nake so cikakke, sifika huɗu a silin, jirgi ya wuce ta saman kaina. Lissafin kuwa mai sauƙi ne, 5.1.2 na nufin biyar a ƙasa, wufa ɗaya, biyu a sama, tasha bakwai kenan don wufa tana da amfilifayarta a ciki. In kana son 5.1.4 sai tasha tara, kuma cikin huɗun nan Onkyo ne kaɗai mai tara. Na tashi na tsaya tsakiyar falo na ɗaga kai ina kallon silin. Fanka a tsakiya, kushin ɗinmu manne da bango ta baya, babu ko taku ɗaya a bayansa, ga shi gidan ba nawa ba ne balle in fasa sama in ja waya. Na ambata wa uwargida maganar huɗu a sama, kallon da ta yi min kaɗai ya isa amsa. Gaskiyar magana biyu ma da ƙyar, waɗanda ake maƙalawa can saman bangon gaba. To me zan yi da tasha tara? In biya kuɗin amfilifaya biyu su zauna suna hutu.

Amma fa Onkyo bai fita raina da sauƙi ba, saboda Dirac Live da yake zuwa da shi ba sai ka biya daban ba. Nan ne na fahimci abin da a ganina ya fi komai raba waɗannan akwatunan, wato manhajar gyaran ɗaki. Kowacce risiba tana zuwa da ɗan makirfo, ka ajiye inda kake zama, ta yi ta sakin wani sauti wiiip wiiip daga kowace sifika, ta auna nisa, ta auna ƙarfi, ta ji yadda bango da tayil da labule suke lalata sautin sannan ta gyara. Denon na amfani da Audyssey, a wannan samfurin MultEQ XT ne, babban wansa XT32 sai ka hau zuwa irin su X3800H. Yamaha nasu YPAO, Sony kuma suna da nasu awon da wani abu 360 Spatial Sound Mapping mai sa ka ji kamar akwai sifika a inda babu. Dirac kamfanin Suwidin ne, masu harkar da yawa suna fifita shi, sai dai yana son mai haƙuri, za ka zauna da waya ko kwamfuta kana jan layin sauti da hannunka. Na san halina, rana ɗaya zan yi in gaji.

Sai maganar HDMI, wadda da ban bincika ba da na yi kuka. Ina da na'urar gem mai fitar da 4K a 120, wato hoto 120 a daƙiƙa, kuma risibobin farko da suka fito da HDMI 2.1 a 2020 an samu matsala a wani ɗan guntun da ke cikinsu, in ka haɗa Xbox Series X a 4K 120 sai allo ya yi baƙi. Abin ya shafi wasu samfuran Denon da Marantz da Yamaha, daga baya Denon da Marantz suka raba wani ɗan akwati da ake haɗawa a gyara, Yamaha kuma suka riƙa canza allon HDMI ɗin. RX-V6A na cikin 'yan wannan shekarar, don haka mai sayen na hannu ya tambaya ko an canza. Kuma kar yawan ramuka ya ruɗe ka, ba duka ne masu gudun ba. X1700H na da shiga shida amma uku ne ke ɗaukar 8K ko 4K 120, Sony shida ne shi ma amma biyu. Na ƙirga kayana, masu buƙatar gudun biyu ne kacal, gem da kwamfuta, ko ɗaya ma, don kwamfutar ba kullum nake haɗawa ba. Duka huɗun suna da eARC, wanda shi ke dawo da sautin manhajojin cikin talabijin zuwa risiba ta waya ɗaya.

Wani ɗan abu da ya fitar da Sony, ina da tsohon garmaho da faifai da nake ji da su, kuma shi ba shi da ramin garmaho sai ka sayi wani ɗan akwati daban. Ga wani wannan ba komai ba ne, ni kuwa ya dame ni.

Na je shago na saurara ma, kuma a gaskiya ɓata lokaci ne. Kowacce an haɗa ta da sifika daban, wuri buɗe, hayaniya ko'ina, mai shagon kuma na lura duk wadda yake so in saya sai ya ɗan ƙara mata murya, kunne kuwa duk abin da ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi. Abin da na amfana da shi kawai na riƙe rimot ɗin kowacce na shiga menu na ga wacce zan iya zama da ita.

Ƙarshe Denon ɗin na ɗauka, mai wat 80 da na raina da farko, ragowar kuɗin da zan zuba wa Onkyo na ƙara a kan wufa mai kyau da sifikar tsakiya babba. A duk abin da na yi wannan ne ban taɓa nadama ba, domin kusan duk maganar fim daga ta tsakiyar nan take fita.

To zo ka ga aikin gaggawa ranar haɗawa. Na fere wayoyi da wuƙa ina sauri, na soka, na tura risibar cikin kantar talabijin mai murfi don kar ta ɓata ado. Awon farko da hannu na riƙe makirfon, fanka na gudu, ƙaramin yarona na bin sautin yana kwaikwayo wiiip. Allo ya nuna min sifikar hagu ta gaba a juye take, na duba, ja a baƙi baƙi a ja, ni na yi da hannuna. Na gyara na ci gaba a haka. Da na kunna fim sautin ya fito wani iri, bas ya yi kumburi magana ta shige ciki, na zauna na yi tagumi ina cewa shikenan na yi asara, da na sani Onkyo na saya. Bayan kamar awa ɗaya da rabi kuma sai ɗif, ta ɗauke, 'yar fitila ja tana ƙiftawa. Na buɗe kanta na taɓa samanta, zafi kamar dutsen guga. Da na jawo ta na haska baya da fitilar waya sai ga wani siririn gashin waya guda ɗaya ya tsere daga ramin ja yana leƙen na kusa da shi. Ko zafin ne ko gashin ne ya sa ta kare kanta, duka biyun dai laifina ne.

Washegari da dare bayan kowa ya kwanta na sake komai a nutse. Na murɗe bakin kowace waya tsaf, na fito da risibar sarari inda iska ke ratsa ta sama da gefe, na kashe fanka na rufe taga. A cikin kwalin akwai wata 'yar ƙafa ta kwali da ake harhaɗawa a ɗora makirfo, jiya na jefar da ita gefe ina ganin shirme ce, yau na ɗauko ta na daidaita da tsayin kunnena in ina zaune, makirfon na kallon sama, kuma na ɗan janye shi daga jikin bango. Na auna wuri takwas ɗin duka, kowanne bai wuce santimita 60 daga na farko ba, ni kuma ina laɓe a gefe ko tari ba na yi.

Da ta gama na kira Yaya na karanta masa sakamakon. Ya ce duba sifikokin gaba, me ta sa musu? Na ce Large. Ya ce mayar da su Small, ka sa mahaɗar bas a 80 Hz. Na ce haba Yaya, sifikokin nan fa manya ne, ya za a ce musu ƙanana. Ya ce ba girman jiki ake nufi ba, cewa kake duk abin da ya yi ƙasa da 80 a miƙa wa wufa, ita aikinta kenan, risibar ta huta da ɗaukar kaya mafi nauyi. Na yi hakan, kuma a nan ne na ji abin da na biya kuɗi dominsa. Bas ya daina kumburi ya koma dukan ƙirji, sauran sifikokin suka washe. Na ƙara wa ta tsakiya desibel 2 don son raina, na kunna Dynamic Volume a mataki na ƙasa saboda kallon dare, shi ne yake matse tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewar bom.

Akwai wata guda kuma, hoto ya riƙa ɗaukewa na daƙiƙa biyu in ina gem, har na fara zargin risibar, ashe tsohuwar wayar HDMI ce da na zaro daga durowa. Na sayi mai tambarin Ultra High Speed, gajera, ba mai tsada ba, shiru kake ji.

Sifikokin sama biyun da na yi ta ɗoki, suna aiki, in ruwan sama ya sauka a fim kana jinsa daga can bisa, amma in za a ce in zaɓa tsakaninsu da wufar to su zan cire ban ko waiwaya ba. Wani lokacin har yanzu in na ga ana yabon Dirac raina yana ɗan motsawa, ba zan ɓoye ba. Kuma akwai abu ɗaya da na gane daga baya, tawa ba ta da ramukan da ake ƙara amfilifaya ta waje wa manyan tashoshi, so duk ranar da na koma ɗaki babba ko na samu sifikoki masu cin wuta, sai dai in canza ta gaba ɗaya. Na san da haka yanzu, lokacin saye ban ko duba ba.

Daren jiya mun kalli fim har ƙarshe, sai da rubutu ya fara hawa na tashi neman rimot in kashe, na same shi can kan kanta inda na ajiye tun farkon fim ɗin.