Godiya ga waɗanda suka tsaya min lokacin da muryata ta dishe

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, murya ta dawo, na koma kiran salla a masallacinmu na nan Gwale. Abin ya faro ne da shigowar hunturu, cikin Disamba: atishawa, ƙaiƙayin hanci da ido, tari cikin dare, har ta kai in na ɗaga murya da asuba numfashi kan yanke kafin in kai ƙarshen kira.

Bayan Allah, godiyata ga likitocin sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano. Likitar da ta gan ni ta zura 'yar kyamara ta hanci ta leƙa, ta ce: "Malam, ciwon nan daga hanci ya taso, jikinka ne ba ya shiri da ƙura." In hanci ya toshe da baki ake numfashi, busasshiyar iskar hunturu ta wuce maƙogwaro babu tacewa. Majina kuma tana gangarowa ta baya, mutum ya yi ta gyaran murya, tantanin murya biyu da ke cikin maƙogwaro suna ta gugar juna har su kumbura.

Ta rubuta min maganin fesawa a hanci, da wanke hanci da ruwan gishiri, da loratadine, maganin atishawa da ƙaiƙayi. Ta ce in bar Piriton, don yana busar da maƙogwaro kuma yana sa barci, ladan da nauyin barci kuwa ba sa zama inuwa ɗaya. Inhelar da aka ba ni saboda ƙirji ma da ƙa'idarta: a kurkure baki duk bayan shaƙa, in ba haka ba ita kanta tana disar da murya. Har raɗa likitar ta hana ni, wai ita ma tana wahalar da murya, gara in yi shiru in yawaita shan ruwa.

Malam Liman da 'yan kwamiti, Allah Ya saka. Sun fitar da dardumai an kakkaɓe, an koma yayyafa ruwa kafin shara, an ɗauke janareta daga gindin taga, an gyara amsa-kuwwa don kada in riƙa ƙure murya. Ƙanena da ya riƙe min kira cikin sanyin nan bai taɓa makara ba, Allah Ya yi masa albarka.

Uwargida kuwa ta haƙura da turaren wuta a ɗaki. Wanda ya san matan Kano ya san ba ƙaramin abu ta yi ba. Maganin sauro na kunnawa ma an daina, mun koma gidan sauro. Masu kawo zuma da citta da kanumfari, na sha, na ji daɗinsu a maƙogwaro, amma hancin sai da magani ya buɗe.

'Yan uwana ladanai, alarammomi masu jan baƙi, malaman aji, ma'aikatan rediyo da sha'irai, dishewar da ta haura mako uku a kai ta asibiti, musamman mai shirin tafsiri ko tarawihi, don maganin fesawar nan sai an jure ana yi kullum yake kama jiki. Ranar da hazo ya sauka kuma a sa takunkumi.

Wanda ban ambata ba ya yafe min. Allah Ya bar zumunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.