Tsakanin Takardar Zane da Teburin Yanka

Kusan duk waɗanda muka shiga ajin koyon tsara tufafi tare, son zane ne ya kawo mu, domin kowa ya zo da littafi cike da rigunan fensir waɗanda ba a taɓa ɗinka ko ɗaya daga cikinsu ba. A zangon farko kuwa malamarmu ba ta ko buɗe littattafan nan ba. Abin da ta ɗora mana shi ne kowa ya tara ƙyallaye, ya manna su a wani littafi dabam, ya rubuta a ƙarƙashin kowane ƙyalle irin zarensa da irin saƙarsa, da yadda yake yi idan an ja shi, ko an dunƙule shi a tafin hannu, ko an jiƙa shi, ko an ɗora masa dutsen guga. Wasu sun ɗauki wannan aiki ɓata lokaci. Ni dai har yanzu ban ga darasin da ya kai shi amfani ba, saboda takarda tana karɓar duk abin da aka zana mata, amma kowane yadi yana da halinsa, kuma abin da halin nan bai yarda da shi ba, gwanintar tela ba ta isa ta tilasta masa ba.

Da kyandir muka fara koyon gane zare. Ana zaro 'yan zaruruwa daga bakin ƙyalle, a riƙe su da matsefata a saman kwanon ruwa, a kusanta su ga harshen wuta. Auduga da lilin suna kamawa nan take, suna warin takardar da ta ƙone, su bar toka mai laushi. Ulu da siliki ba sa son ci, warinsu irin na ƙonannen gashi ne, kuma baƙin ƙullun da suke bari yana murƙushewa tsakanin yatsu. Nailan, wanda aka fara haɗawa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, da polista, wadda aka samar a Ingila a 1941, su narkewa suke yi suna janyewa daga wutar, sannan su daskare su zama ƙwallo mai tauri. Amfanin wannan sani yana bayyana ne a kan teburin guga. Hoton dutsen guga da ke jikin lakabin tufa, idan ɗigo ɗaya ne a cikinsa zafi kaɗan ake so, idan biyu ne matsakaici, idan uku ne mai yawa, kuma zafin da lilin yake buƙata kafin ya miƙe shi ne zai ƙona polista ya bar mata tabo mai ƙyalli wanda ba ya fita.

Daga nan muka shiga batun kwanciyar zare, wanda a ganina shi ne ginshiƙin sana'ar baki ɗaya. Duk yadin da aka saƙa a masaƙa yana da zaren tsaye, wanda yake bin tsawonsa daura da bakin yadi, da zaren kwance da yake ratsa shi. Zaren tsaye ya fi ƙarfi kuma da ƙyar yake talewa, shi ya sa ake so ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙasa a yawancin riguna. Ƙafar wando da take murɗewa bayan wanki har ɗinkin gefe ya dawo gaba, sau da yawa ba a ɗora samfurin, wato takardar da ake bi a yanka yadi, daidai da wannan zare ba ne a lokacin yanka, kuma babu gugar da za ta gyara ta. Akwai kuma hanya ta uku, wato yanka a karkace, a kusurwar digiri 45 tsakanin zarurrukan biyu, inda yadin da ba ya talewa ko kaɗan sai ya riƙa miƙewa yana bin jiki.

An sa mu yanka siket biyu daga yadi ɗaya da samfuri ɗaya, ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace, muka sanya wa mutum-mutumi biyu kusa da juna. Na miƙen ya tsaya nesa da jiki, gefensa a buɗe. Na karkacen ya kwanta a kan ƙugu, ya sauko yana tattaruwa a hankali, har wanda bai ga yankan ba zai rantse ba yadi ɗaya ba ne. A ranar ne na fahimci abin da ya sa ake yawan ambaton Madeleine Vionnet, Bafaranshiyar da ta buɗe gidan ɗinkinta a Paris a 1912, wadda ta shahara da wannan yanka a shekarun 1920 da 1930. Ita ba a takarda take fara aikinta ba. A jikin wata 'yar tsana ta katako take naɗa yadi tana lura da inda yake son faɗawa. Sai dai yankan karkace yana da tsadarsa: yana cin yadi fiye da yankan miƙe, yana zamewa a ƙarƙashin allura, kuma dole a rataye tufar aƙalla kwana guda kafin a yi mata kalmasa, domin nauyinta zai ja ta ƙasa, wani gefe ya fi wani tsawo, sai bayan ta gama saukowa a daidaita bakin.

Samfurin takarda shi ne wurin da lissafi yake shigowa, kuma nan ne da yawa daga cikinmu suka fara gajiya. Yadi shimfiɗaɗɗe ne, jikin mutum kuwa yana da tudu da kwari, don haka duk aikin mai tsara tufa bai wuce neman inda zai kai rarar yadin da ke tsakanin faɗin ƙirji da na ƙugu ba. Dat, wato ɗan naɗin nan mai tsini da ake ɗinkewa, shi ne hanya mafi sauƙi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ana iya rufe dat a ƙugu a buɗe shi a kafaɗa, ko a hammata, ko a wuya, ko a raba shi ya zama tattara, kuma rigar ta zauna daidai yadda take a da, muddin duk suna nuni zuwa tsinin ƙirji. Tun da na gane haka na daina kallon riguna kamar yadda nake kallonsu a baya. Yanzu idan na ga riga, abin da idona yake fara nema shi ne inda aka ɓoye rarar. Bayan wannan akwai sararin motsi da ake ƙarawa a kan awon jiki domin mutum ya iya numfashi da zama, da kuma santimita 1.5 da aka saba bari a kowane gefe domin ɗinki.

Ba a yarda mu taɓa yadin gaske ba sai mun ɗinka gwaji da akoko. Wannan doka tana da wuyar bi ga mai ɗoki, amma a jikin akoko ne ake zana gyara da alli, a farke, a sake, ba tare da fargaba ba. Sharaɗinta ɗaya ne: nauyin yadin gwaji ya yi kusa da na yadin da za a yi aikin da shi, domin akoko ba zai faɗa wa mutum yadda shifon, yadin nan marar nauyi mai shara-shara, zai zuba ba.

Hannun riga shi ne ya fi ba ni wuya, kuma shi na fi so. Kan hannun yawanci yakan ɗan fi zagayen hammata tsawo, da gangan ake yin haka domin ya rufe dunƙulen kafaɗa, kuma aikin shi ne a shigar da mai tsawo cikin gajere ba tare da tattara ko guda ta fito ba. Ana bin kan hannun da dogon ɗinki layi biyu, a ja zaren a hankali har ya ɗan kumbura, a kafa fil daki-daki, a riƙe da ɗinkin hannu na wucin gadi kafin a kai keke. Idan ulu ne, tururi yana tsuke rarar har ta ɓace, hannun ya zauna sumul. Idan polista ce, tururi ba ya yi mata komai, sai dai a koma kan takarda a rage tudun kan hannun. Cristóbal Balenciaga, ɗan Sifen da ya buɗe gidansa a Paris a 1937, ya yi suna wajen tsananta wa hannun riga, kuma wanda ya taɓa zama da fil a baki yana lallashin santimita biyu na rara ba zai ga tsanantawar ta yi yawa ba. Malamarmu takan tsaya a bayana ta ce, “Kada ki ja shi, ki bar shi ya shiga da kansa,” kuma sai da yatsuna suka saba kafin na gane cewa umarni ne na zahiri game da yadda ake riƙe yadi.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne, amma ba a tsallake su. A wanke auduga kafin a yanka, domin tana tsukewa a wankin farko. Allura mai lamba 70 ta dace da yadi marar nauyi, mai lamba 100 ta dace da jins, yadi mai talewa kuma yana son allura mai dunƙulen baki wadda take ratsawa tsakanin zare maimakon ta huda shi. Karammiski dole a yanka dukkan sassansa suna fuskantar gefe ɗaya, in ba haka ba gaban riga da bayanta za su fito kamar launi biyu. Kowane ɗinki a goge shi kafin wani ya ratsa ta kansa.

Abin da nake kan koyo yanzu shi ne karanta tufa a jikin mutum mai rai, domin mutum-mutumi ba ya zama, ba ya ɗaga hannu, kuma kafaɗunsa biyu daidai suke, alhali na yawancin mutane ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Idan layukan yamutsewa suka kwanta a gicciye, tufar ta matse a wurin. Idan suka sauko a tsaye, yadi ya yi yawa. Idan suka tafi a karkace, ana bin su da ido har zuwa inda suka taru, domin can ne matsalar take. Shi ya sa a wajen gwaji nake roƙon mai tufar ta zauna, ta miƙa hannuwa gaba, ta taka zuwa bango ta dawo, ni kuma ina biye da alli ina sa alama a duk inda yadin ya ja.