Yadda na juya zoben ɗawafi ya bar Ka'aba a hagu

A unguwarmu da ke Garwa, idan lokacin aikin Hajji ya ƙarato, limamin masallacinmu yakan tara maniyyata bayan la'asar ya yi musu bita, kuma shekara da shekaru kayan koyarwarsa ba su wuce akwatin katako da aka lulluɓe da baƙin yadi ba, a ajiye shi a tsakar fili, dattawa su yi ta kewaya shi. Bana sai ya nemi in yi masa wani abu da maniyyaci zai iya buɗewa a wayarsa bayan ya koma gida, tunda an san ni da sana'ar gina shafukan intanet. Abin da muka tsayar mai sauƙi ne: zanen Ka'aba a tsakiya kamar ana kallonta daga sama, zobe a kewaye da ita wanda zai riƙa cika a hankali, da lamba mai nuna zagaye na nawa ake ciki, daga 1 zuwa 7.

Zoben ban ƙirƙire shi sabo ba. Na ɗauko wanda na taɓa yi wa wani shago don nuna ci gaban loda hoto, irin wanda yake farawa daga sama ya bi hannun agogo har ya haɗe, na canja masa launi, na dasa Ka'aba a cikinsa. Da na kai wa Malam, ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya kalli zagaye ɗaya kacal, sannan ya ce, "Ɗana, wannan alhajin naka ai ya sa Ɗakin Allah a damarsa. Ka juya shi." Na ce, "Allah gafarta Malam, aikin minti biyar ne." Kwana uku ya ci mini.

Kuskuren farko ya fito ne daga yadda na fahimci kalmar juyawa. A CSS, wato harshen da ake tsara kamanni da motsin shafin intanet da shi, akwai umarnin animation-direction, kuma idan aka ba shi reverse yakan mayar da motsi baya, don haka shi na fara sawa. Abin da ya fito shi ne zobe cikakke tun daga farko, yana zaizayewa har ya ƙare. Gaskiya ne bakinsa yana tafiya saɓanin hannun agogo, amma tafiyar mai gogewa ce, kamar ana warware ɗawafin da aka riga aka yi. Wannan umarni lokaci yake juyawa: ƙarshen motsi ya koma farkonsa, har salon saurinsa ma ya juye, wanda yake farawa a hankali ya koma mai ƙarewa a hankali. Malam kuwa hanya yake so a juya, lokaci ya ci gaba da tafiya yadda yake. A nan na lura cewa zobe irin wannan yana da halaye huɗu, domin yana iya cika ko ya ragu, kuma kowanne yana iya bin agogo ko ya saɓa masa, sannan duk wanda ya ce maka "juya shi" ɗaya daga cikin ukun da suka rage yake nufi. Tun daga ranar, kafin in taɓa komai, nakan sa mai aikin ya zana mini da yatsa inda yake so a fara da inda za a nufa.

Dole ta sa na koma na karanci abin da na daɗe ina kwafa ba tare da na fahimce shi ba. Zoben da'ira ce ta SVG, wato tsarin zana siffofi a shafi ta hanyar rubuta lambobi, a cikin fili mai faɗin 100 da tsawon 100, tsakiyarta a 50 da 50, kuma daga tsakiya zuwa bakinta 45 ne, don haka tsawon kewayenta, wato 45 sau biyu sau 3.1416, ya kama 282.74, wanda akan cike shi zuwa 283. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet, tana zana da'ira ne daga daidai wurin ƙarfe uku na agogo ta gangara ƙasa, kuma dalilin haka shi ne a kan allon kwamfuta lambobi suna ƙaruwa ne idan an yi ƙasa, saɓanin lissafin makaranta da suke ƙaruwa idan an yi sama. Shi ya sa kusan kowane zobe da ake gani an murɗa shi da rotate(-90deg) don ya fara daga ƙarfe sha biyu.

Cikar da ido yake gani kuma dabara ce kawai. Umarnin stroke-dasharray yana mayar da layi ya zama gaɓa da giɓi, kamar ɗinkin hannu da zare yake fitowa ya nutse, kuma idan aka ba shi 283 sai a sami gaɓa guda mai tsawon 283, giɓi mai tsawon 283 ya biyo ta, haka abin yake ta maimaituwa. Shi kuma stroke-dashoffset yana faɗin daga ina za a fara ɗiba a cikin wannan jerin. Misalin da ya zaunar mini da abin a kai shi ne igiya da aka rina kamu goma aka bar kamu goma fari, aka sake rina goma aka bar goma, ana jan ta ta cikin bututu mai kamu goma: abin da ke cikin bututun kaɗai ake gani. A 283 farin ne ya cika bututun, a sifili kuma rinannen ne. Zoben shagon yana saukowa ne daga 283 zuwa sifili, saboda haka rini yake shigowa ta bakin farko ya bi agogo.

Kafin in kai ga amfani da wannan fahimtar sai da na ɓata yini guda a kan hanyar madubi, wadda ita ce shawarar da aka fi bayarwa. Na sa scaleX(-1) a kan zanen gaba ɗaya, zoben kuwa ya juya nan take, amma lambar tsakiya da sunayen kusurwoyi suka koma a birkice. Wannan ƙaramar matsala ce idan aka gwada da wadda ban gani da wuri ba. Mai ɗawafi yana tashi daga Hajarul Aswad, ya wuce Rukunul Iraƙi, ya kewaye Hijir Isma'il ta waje, ya wuce Rukunush Shami, sannan Rukunul Yamani ya zama na ƙarshe kafin ya dawo inda ya fara. Madubin ya juya zoben tare da Ka'abar da ke cikinsa, don haka alaƙar da ke tsakaninsu ba ta canja ba ko kaɗan: wanda ya bar Hajarul Aswad har yanzu Rukunul Yamani yake fara tararwa. Da na miƙa shafin a haka, ido zai ga kamar an gyara, alhali an koya wa mutane jerin kusurwoyi a juye, kuma a ganina wannan ya fi kuskuren farko muni, domin na farkon kowa yana iya kama shi.

Da na mayar da madubin kan da'irar ita kaɗai, sai ta ɓace daga allon ɗungurungum. Dalili shi ne abubuwan da ke cikin SVG ba a kan tsakiyarsu suke juyawa ba idan ba a faɗa musu ba, a kan kusurwar sama ta hagu ta filin suke juyawa, saboda haka madubin ya jefa da'irar waje da fili. Maganinsa shi ne a sa transform-origin a 50px 50px, ko a haɗa transform-box: fill-box da center. Ta dawo, amma tana farawa daga ƙasa, wurin ƙarfe shida, saboda na rubuta rotate(-90deg) scaleX(-1), kuma a irin wannan jeri na dama ne yake fara aiki a kan siffar: madubi ya kai mafarin ƙarfe tara, murɗawa ta sauke shi ƙarfe shida. Da na musanya su, scaleX(-1) rotate(-90deg), ya koma sama. Hanyar tana aiki, kuma ba na hana kowa bin ta, sai dai ta bar ni da abubuwa uku da kowannensu zai iya ɓata sauran idan na dawo gyara bayan shekara guda na manta dalilinsu.

Wani abokin sana'ata da ke aiki da Larabci a Kuseri ya ce in gwada mayar da shafin mai karantuwa daga dama da dir="rtl". Wannan yana juya rubutu da jerin abubuwa a shafi, amma bai shafi yadda ake zana da'ira ba, kuma gwajin minti ɗaya ya tabbatar da haka.

Igiyar nan ce ta fitar da ni. Idan jan ta ta gefe ɗaya yana shigo da rini ta bakin farko, to jan ta ta ɗaya gefen zai shigo da shi ta bakin ƙarshe, kuma a da'ira bakin farko da na ƙarshe wuri ɗaya ne, sai dai kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren. Na sa motsin ya tashi daga -283 zuwa sifili, zoben ya cika saɓanin agogo ba tare da madubi ba, ba tare da an taɓa rubutu ko Ka'aba ba. A kwamfutata da wayata komai ya tafi daidai. Sai a wajen bita wata Hajiya da ta zo rako ƙanwarta ta miƙo mini tsohuwar wayarta ta ce, "Ɗan nan, nawa ba ya tafiya irin na mutane." Burauzar wayar ba ta sarrafa lambar da ke ƙasa da sifili a wannan umarni yadda ya kamata. Tunda jerin gaɓa da giɓi yana maimaita kansa ne bayan kowane 566, duk lambar da aka ƙara wa 566 tana ba da hoto iri ɗaya, don haka -283 daidai yake da 283, sifili kuma daidai yake da 566. Na mayar da motsin daga 283 zuwa 566, ya yi aiki a wayarta da duk sauran da aka miƙo mini a ranar. Bambancin zoben shago da zoben ɗawafi ashe lamba ɗaya ce: dukansu daga 283 suke tashi, ɗaya ya sauka zuwa sifili, ɗaya ya hau zuwa 566. Wanda yake lissafa cikar da harshen shirye-shirye na JavaScript, inda aka saba ninka kewaye da ɗaya a ɗebe kason da aka cika, sai ya ninka shi da ɗaya a tara kason.

Sauran mafari. Kusurwoyin Ka'aba huɗu suna fuskantar kusan jihohi huɗu ne, Hajarul Aswad a ta gabas, Iraƙi arewa, Shami yamma, Yamani kudu, kuma a zanen da arewa take sama, gabas ita ce wurin ƙarfe uku. Ke nan murɗawar da nake ta fama da ita tun farko ba a ma bukatarta, domin inda SVG take fara da'ira da kanta nan ne inda alhaji yake fara ɗawafi. Na goge layin rotate, na goge transform-origin, abin da ya rage bai kai rabin abin da na fara da shi ba.

Ƙirgen zagaye ya zo da nasa ɗan tarko. Na sa motsin ya maimaitu sau 7 da saurin linear, don kada alhajin ya riƙa rage tafiya a ƙarshen kowane zagaye, kuma lambar tana ƙaruwa duk lokacin da burauza ta sanar da animationiteration, wato motsin ya gama zagaye ya shiga na gaba. Wannan sanarwa sau shida take zuwa a maimaici bakwai, domin ƙarshen na bakwai animationend ne, kuma a kansa na rataya saƙon kammalawa, tare da animation-fill-mode: forwards don zoben ya tsaya a cike maimakon ya koma fanko.

Gyara na ƙarshe Malam ne ya sake gano shi, ba ni ba. Na bar bakin layin a dunƙule da stroke-linecap: round saboda ya fi kyan gani, amma dunƙulen yana ƙara rabin kaurin layi a kowane baki, kuma da yake kaurin 8 ne, bakunan biyu suna haɗuwa saura 8 cikin 283, wato kusan kashi 3 cikin ɗari kafin zagayen ya cika da gaske. A zoben loda hoto ba wanda zai damu da wannan. Malam ya dube shi ya ce, "Ɗana, ya haɗe, amma lambar ba ta canja ba. Wanne za su bi?" A ɗawafi zagaye ba ya cika sai an dawo daidai saitin Hajarul Aswad, don haka na mayar da bakin yankakke da butt. Saboda wannan dalilin ne kuma na bar 283 ban rage shi zuwa 282 ba, domin ragewar za ta bar ɗan giɓi a zoben da ya kamata ya rufe. A wajen zoben, daidai gabas, na ƙara ɗan koren ɗigo, domin a Masallacin Harami akwai koriyar fitila a saitin Hajarul Aswad da masu ɗawafi daga nesa suke gane mafari da ita, kuma Malam ya ce gara idonsu ya saba da ita tun daga Garwa.