Abin da aikin gandun daji a bakin Gulbin Ka ya koya mini

Baƙo in ya ga manyan itatuwa tsaye a bakin gulbi sai ya ce daji na nan lafiya lau. Ma'aikacin gandun daji kuwa ƙasa yake fara dubawa, ya ga ko akwai masu tasowa. Wani dattijo cikin masu gadi ne ya nuna mini haka. Muna ƙarƙashin wani ƙaton kawo ya ce, "Yaro, kewaya ka nemo mini ƙaraminsa ko ɗaya." Babu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da bazara, in ciyawa ta ƙare, makiyaya kan hau kawo da madobiya da maɗaci su sassabe rassa don shanu. Itacen ba ya mutuwa, sai dai ba ya samun zubar da iri. Ɗan abin da ya tsiro kuma, ko akuya ta cinye ko gobarar daji ta lashe. Ita madobiya ma abin ya yi mata yawa, don an yi ta lodin gungumenta daga Najeriya zuwa ƙasar Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu.

Na kuma gane cewa ambaliyar damina abinci ce ga fadama. Giyayya da ciyawar burgu da bado duk da ita suke rayuwa. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwan da ke malala fadamun da ke ƙasa da ita ya ragu, manoman shinkafa sun shaida. Su tsirrai ba su da bakin kai ƙara.

Batun tsaron itatuwa kuwa, allon gargaɗi bai taɓa hana gatari ba. A Argungu mutane na barin kifin kogin Matan Fada sai ranar bikin kamun kifi, saboda sun san Sarkin Ruwa, sun san masarauta. Shi ya sa muka zauna da arɗo da maigari, aka yarda a shafa wa wasu itatuwa jan fenti, kada a taɓa su sai irinsu ya zuba. Ba kowa ya kiyaye ba, musamman baƙin makiyaya masu wucewa, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda ba da su aka yi zaman ba.